Ƙofar da Kawu Ilu Ya Ƙi Fesa wa Mai

Duk wanda ya zauna unguwar Manshiya ya san Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, da gwangwanin man feshinsa a aljihun gaba. Kafin ya amsa gaisuwarka sai ya karkata kunne ya ji ko ƙofarka na kuka. Kuma ba kowane mai ba, sai irin wanda ke bushewa nan take.

"Nan fa Sabha ce," in ji shi. "Ka sa wa ƙarfe mai mai danƙo, iska ta kwaso rairayi, ai kunu ka dama masa!"

Ran da ya kama ni ina ɗiga baƙin mai a kwaɗon shagona, wayyo ni! Fizge kwaɗon ya yi.

"Ɗan nan, tuya za ka yi?"

Ya wanke shi tas, ya shanya, ya girgiza gwangwani, fis, sau ɗaya tak. Na ce ya ɗan ƙara.

"Ubanka ke sayo mini?"

Kun tuna gaisuwar mutuwar da muka je unguwar Tayuri? Liman na tsakiyar addu'a taga ta ce ƙiii. Muka shafa, babu Kawu. Sai ji muka yi, fis! Ya dawo ya zauna abinsa.

"Amin. Mamaci ma yana son shiru."

To amma ƙyauren gidansa fa? Wallahi har bakin titi ake jin ihunsa. Haka yake tun shekarar da ɗansa Habibu ya hau mota zuwa bakin teku da niyyar tsallakawa, aka daina jin ɗuriyarsa. Mu ko muka samu abin tsokana.

"Kawu, na gida bai cancanta ba?"

"Sa ido ne sana'arku?"

Wata rana yana alwala na zare gwangwanin, na lallaɓa bakin ƙofar, wai zan yi masa gwaninta. Da jiƙaƙƙen hannu ya damƙe ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Kul! Kunnen Innarka Hajara ya yi nauyi. So kake yaron nan ya turo ƙofa ya shigo ba ta ji ba?"

Tun ranar ban ƙara tsokanarsa ba.

Yanzu gwangwanin na wurina, matarsa Inna Hajara ce ta ba ni bayan sadakar bakwai ɗinsa. Na bi duk ƙofofin layinmu da shi, ban da guda. Har yau in na tura ta, sai Inna ta ɗago kai da sauri, ta ga ni ne.

Allah Ya ji ƙan Kawu Ilu, Ya sanyaya makwancinsa. Shigowar Habibu da Kawu ya tafi bai ji ba, ya Allah, Ka sa Inna ta ji.