Watan da Na Yi Gadin Barcin Gida Uku

Wata mura ta shigo garinmu ana tsakiyar karyar masara, kuma ba ta tsallake gida ko ɗaya ba. Garin namu ƙarami ne, gaba kaɗan da Kakangi, kana fita bayan danga ka shiga daji. A gidanmu ni ta fi kayarwa. Kwana tara na yi a kwance, ga zazzaɓi, ga ciwon jiki kamar an yi mini duka da taɓarya, ga tari mai tasowa tun daga ƙasan ciki. Abinci kuwa, da tuwo da ƙasa duk ɗaya nake ji a baki. A lokacin ina goyon 'yata, watanta biyar, ba ta san komai ba sai nono.

Rashin barcin da na yi ina cikin ciwo bai dame ni ba. Wa zai runtsa hanci a toshe, da ya kwanta tari ya taso? A zaune nake kwana, na jingina da bango, ina cewa bari in warke in rama. To, na warke. Zazzaɓi ya sauka, tari ya tafi, baki ya dawo har na fara ƙorafin gishirin miya. Barci ne kaɗai ya ƙi dawowa. Zan kwanta a gajiye tiɓis, idanu na yaji, amma kaina tar kamar an kunna fitila. In juya nan, in juya can, in karanta duk abin da na haddace, in sake daga farko. Sai gab da assalatu zai ɗan fizge ni, kafin in nutsa yarinya ta motsa.

Dama can barci a wajenmu ba irin na mutanen birni ba ne. Shekaru ke nan 'yan bindiga na fitowa daga daji a kan babura, ba wanda ke sakin jiki. Maza na fita sintiri bi da bi, har da mijina, amma kowace mace da nata shiri: takalmi a bakin shimfiɗa, zanen goyo a ƙarƙashin kai, waya a gefen kunne ko wani zai kira ya ce a tashi. Shi ya sa da mai kemis ya ce yana da ƙwayar da za ta kwantar da ni har hantsi, ko kallonta ban yi ba. A garinmu ba a shan maganin barci. Wanda ya sha, ran da aka ce a gudu, wa zai tsaya ɗaukarsa?

Kuskuren daga bakina ya fito, ni da surutu. Wata safiya muna wanke-wanke da matar wan mijina, wadda nake kira Yaya, na ce mata jiya cikin dare babura biyu sun wuce ta hanyar rafi, amma na 'yan sintiri ne, don na gane ƙarar na mijinta.

Ta tsaya da kwano a hannu. “Ke duk kin ji wannan?”

“Me zai hana, Yaya? Ido biyu na kwana.”

“Kullum?”

“Kullum ta Allah.”

“Ikon Allah. To ai mu mun huta. Tunda idonki biyu, ki riƙa saurara mana.”

Da dariya ta faɗa, ni ma dariyar na yi. Amma bayan isha'i sai ga ta da wayarta, ta ajiye mini a gefen filo, ta yi mini sai da safe. Kafin kwana uku magana ta tsallaka danga. Maƙwabciyarmu ta dama ta aiko da tata wayar. Ta hagu ba ta da waya, ita cewa ta yi in na ji wani abu in jefa dutse a kan kwanon ɗakinta.

Gida uku suka samu barci. Shekara bakwai ina zaune da Yaya ban san tana minshari ba sai a watan, kuma minsharin ba na wasa ba. Fuskoki suka washe, faɗa ya ragu a tsakar gida. Surukata, Inna, kullum sai ta sa mini albarka. Wannan ta aiko da fura, waccan ta aiko da goro wai don ido ya ƙara buɗewa, Yaya kuma ta haɗa mini shayi mai kauri kafin ta kwanta. Ba zan yi ƙarya ba, da farko abin ya yi mini daɗi. Kowa na son a ce yana da amfani.

Sai dai yanzu ko barcin ya matso, ni da kaina nake korarsa. Da ido ya fara lumshewa sai gabana ya faɗi, in tuna mutum nawa ne suka saki jiki saboda ni. Ganye ya motsa, in miƙe. Kare ya yi haushi a ƙarshen gari, in tsaya ina auna irin haushin. Da rana kuwa na zama abin tausayi kuma abin tsoro. Na ƙona tuwo, na zuba gishiri sau biyu, wanda ya yi mini sannu ma sai in ji kamar zagi ne.

Duk wannan da sauƙi. A mako na uku nono ya fara ja baya. Yarinya ta kama, ta tsotsa, ta saki, ta kalle ni ta fashe da kuka. In matsa, sai ɗigo-ɗigo. Inna ta dama kunun kanwa, na sha har ya ishe ni, shiru. Akwai wani zare da aka ɗaura mata a wuyan hannu, da ya kama cif, yanzu yatsana na shiga ƙarƙashinsa. Na tsorata, irin tsoron da ban taɓa ji ba ko ran da muka guje wa 'yan bindiga muka kwana a cikin dawa.

Ranar kasuwa mijina ya ɗauke mu a babur zuwa asibiti a Birnin Gwari. Malamar asibitin ta auna yarinya, ta saurari ƙirjina, ta ce ciwon ya tafi. Ta ce irin wannan murar takan bar wa wasu rashin barci na ɗan lokaci, kuma yakan wuce. In bar shayi da goro, in ci abinci, in sha ruwa, in riƙa sa yarinya a nono a kai a kai, in riƙa kwanciya a lokaci ɗaya. Sannan ta ce, “Waya kuma ki ajiye ta nesa da ke.”

Na ce, “Wacce daga ciki, Malama? Uku ne.”

Na kwashe labari na faɗa mata. Ta ajiye biro ta dube ni, ta dubi mijina, wanda ya sunkuyar da kai, don shi ma yana cikin masu morar barcin.

“Baiwar Allah,” ta ce, “mura ce ta kore miki barci, amma yanzu ba ita ke hana shi dawowa ba. Aikin gadi aka ba ki, ke kuma kika karɓa.”

A hanya mijina ya ce zai yi wa mutanen gida magana a hankali. Na san a hankalinsa, sai ta kai mu wata daminar. Na ce ya bari, bakin da ya jawo shi zai gyara.

Bayan la'asar mata suna zaune a tsakar gida ana ɓarar masara, har da maƙwabtan biyu. Na fito na jera wayoyin a kan tabarma.

“Kowacce ta ɗauki tata. Daga yau na ajiye gadi.”

Yaya ta ɓata rai. “Yanzu don an ce ki saurara? Ai dama ba barcin kike yi ba.”

“Da can ciwo ne ya hana ni, Yaya. Yanzu ku ne.”

Maƙwabciyar dama ta fara cewa ai taimakon juna ne, zaman tare ya gaji haka. Ban tsaya musu ba, don na san in na buɗe baki zan faɗi abin da za a shekara ana bita. Na kwance goyo, na ɗora wa Yaya yarinyar a hannu.

“Ɗaga ta ki ji.”

Ta ɗaga. Ita ta yi mata wankan farko, ta san nauyinta. Ta sake ɗagawa.

Inna ce ta sa baki. “To ni zan riƙa yin gadin.”

“Haba Inna,” na ce, “ke da sai an yi sallama uku kafin ki amsa?”

Aka yi dariya, har da ita. A nan aka raba darare tsakanin Yaya da maƙwabtan, kowacce da nata, ni kuma aka cire ni sai yarinya ta murmure. Maƙwabciyar dama ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata a daƙile, furar ma ta daina zuwa. Ban damu ba.

Na ɗauka a daren zan yi barci. Ko kusa. Na kwanta babu waya, babu shayi, amma kunnena na can waje yana yawo. Gari ya waye ina jin kamar in fasa ihu. Sai na ce wa raina, tunda na iya tsayawa gaban mata huɗu, ba zan kasa da wannan ba. Goro na ba Inna duka, ko da yake kaina ya yi kwana biyu yana sarawa. Da rana na shiga aiki gadan-gadan, ɗiban ruwa, surfe, shanya. In azahar ta yi idona kamar an zuba yashi, Inna ta ce in ɗan kishingiɗa, in ce a'a, na dare nake tarawa. Yarinya kuwa ko ta tsotsa ta saki, in sake mayar da ita. Da dare in kare ya yi haushi, in ce wa kaina a fili, “Ba naki ba ne, yau na Yaya ne.” Dare na biyu na samu kamar awa ɗaya. Na uku ya fi haka kaɗan, na huɗu kuma ya koma kamar ba a fara ba, har na yi kukan takaici.

Barcina bai daidaita ba sai bayan watanni, kuma daga baya na koma cikin masu karɓar dare kamar kowa. Amma dare na biyar shi ne ba na mantawa. Ba ma na Yaya ba ne, ta karɓa ne kawai. Ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofata da ƙwaryar gyaɗa.

“Ina nan. In kin ji na daina ɓara, to ki tashi.”

Na kwanta ina jin ƙas, ƙas, ƙas. Na ce bari in ga ko za ta gaji. Ban san lokacin da na bar jira ba.

Da na buɗe ido rana ta shigo har tsakiyar ɗaki. Na zabura, na laluba gefena, babu yarinya. Kafin in yi ihu sai ga Yaya da ita a kafaɗa, idanunta jawur.

“Karɓi 'yarki, ta kusa cinye mini yatsa. Cikin dare na sa miki ita ta sha, ko motsi ba ki yi ba.”

Sai a lokacin na ji ƙirjina ya yi nauyi, gaban rigata sharkaf. Na karɓe ta na sa ta. Ta kama, ba ta saki ba. Ina jin haɗiyarta, ƙwat, ƙwat, har yana zubowa ta gefen bakinta. Hawaye suka ɓalle mini, na kasa tsayar da su.

“To kukan kuma na mene ne?” in ji Yaya.

“Babu komai. Yaya, je ki kwanta.”

Ba ta ma kai ɗakinta ba. Nan kan tabarmata ta miƙe, kafin yarinya ta ƙoshi ta yi barci.