Karyayyiyar Kujerar Baturen Ailan

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokina mai sayar da kayan wuta, sai washegari muka sauka Guangzhou ta ƙasar Sin ƙafafu a kumbure. Kujeru ne suka kai ni. Gidan abincina ya fara zama kango, masu ci sun janye, ni kuwa na ɗora laifin kan tsofaffin kujeruna.

A unguwar Xiaobei muka kama masauki. Hausa ake yi ko'ina kamar a kasuwar Kwari, ta Kano da ta Nijar da ta zangon Gana. Na ci tuwo da miyar kuka da tsadar da ta sa na lashe kwano don kada in yi asara. Bai kai nawa daɗi ba, amma layi ake yi masa. Tun daga nan raina ya fara sosuwa.

Rana ta uku muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Panyu, inda ake ƙera kujeru. Ina cikin taya sababbi masu ƙyalli sai ga wani jibgegen Bature ɗauke da tsohuwar kujera mai karyayyiyar ƙafa, wai gyara yake so. Laoban, wato mai wurin, ya ce "meyo", babu, ya sayi sabuwa kawai. Baturen ya ƙi. Na ce a raina, ashe Turawa ma suna da marowata. Hira ta haɗa shi da abokina, ya ce shi mutumin Ailan ne, yana da mashaya a bayan layin, mu zo. Na ce mu ba ma shan giya. Ya ce ai akwai shayi.

Bayan la'asar muka shiga, ina ɗari-ɗari. Kujerunsa babu biyu masu kama da juna, amma wurin a cike yake. Duk wanda ya shigo sai Baturen ya kira sunansa, ya tambayi iyalinsa. 'Yan Gana biyu na kallon ƙwallo da lemo a gabansu, ya ware musu kofuna a kanta daban, waɗanda giya ba ta taɓa shiga ba. A bakin taga kuwa wani tsoho ɗan Sin ke tsaye, ya ƙi zama. Sai da Baturen ya buga wa karyayyiyar kujerar nan, wadda ashe ita ce mazaunin tsohon, ƙusa da hannunsa, ya ajiye masa, sannan ya zauna. Ruwan zafi kawai aka kawo masa, kuma wai haka yake yi kullum.

Na sa abokina ya tambayi amfanin mutumin da ba ya sayen komai. Baturen ya ce, "Mai wucewa in ya leƙo ya gan shi, ya san nan wurin zama ne."

Wallahi hassada ta turnuƙe ni. Shi giya yake sayarwa a ƙasar da ba tasa ba, ni halal nake dafawa a unguwar da aka haife ni, amma shi ke da jama'a. Ga abokina, wanda bai taɓa minti goma a wurina ba, ya baje yana cewa, "Alhaji, ka ga wuri!" Na ce shayin ba suga. Ƙarya nake, shayin ya yi. Abin da ke cina shi ne bencin ƙofata, wanda dattawa uku ke zama a kai kullum, na ɗauke shi bara don ba sa sayen ko ruwa.

Na dai sayi kujerun, suna kan teku. Ranar da na dawo, kafin in kwance jaka na fito da bencin na goge shi. Dattawan na tsallaken titi wajen mai shayi, tsofaffin masu cin abincina kewaye da su. Na tsallaka na durƙusa na ce, "Baba, benci ya dawo."

Babbansu ya ce, "Madalla, Alhaji. Ai mun saba da nan."

Na je har Sin kafin in gane ba kujeru suka kori mutanena ba, ni ne. Yanzu kullum da la'asar ni kaɗai nake zama a bencin, ina jiyo dariyarsu daga tsallake.