Zoben da na saka a juye

Shekarun baya, ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta firamare a Tawa, abokina mai aikin gandun daji ya ja ni wani aikin sa-kai da ban taɓa jin irinsa ba. Wai duk lokacin ɗari za mu riƙa kama ƙananan tsuntsaye da raga, mu auna su, mu saka musu zobe mai lamba a ƙafa, mu sake su. Na ce, "Mu sake su? Ko ɗaya ba a soyawa?" Ya ce ba a soyawa. Ni dai ba ƙaunar tsuntsu ta kai ni ba. An ce akwai shayi, kuma wurin da ya zaɓa yana bayan garkar kawuna, a bakin wani tafki kan hanyar Takanamat.

Wurin 'yar sarƙaƙiya ce ta magarya da bagaruwa, cikin gonar Kawu. Duk Lahadi da mun sallame asuba sai mu hau babur, sanyi yana yankar kunne, mu je mu kafa raga. Kawu yakan tsaya da bokitin ban-ruwa yana kallonmu, ya girgiza kai ya ce, "Boko dai ta gama da ku. Manyan mutane da gemu, kuna yi ma tsuntsu awo!"

Na farko da abokina ya bari na riƙe wani ɗan mitsitsi ne mai jar wutsiya, wutsiyar ba ta daina rawa. Nauyinsa bai wuce ƙwayar sukari uku ba. Ina jin zuciyarsa tana bugawa a tsakanin yatsuna. Na ɗauki awartaki na matse zoben, na ɗago ina jiran yabo. Abokina ya duba, ya tuntsire da dariya. Ashe a juye na saka shi, lambobin kansu a ƙasa. Ya ce, "Ba zai cuce shi ba, amma wanda ya sake kama shi sai ya tsaya da ka kafin ya karanta." Kawu har da ajiye bokiti don ya ji daɗin dariya. Daga ranar ba ya kirana sai Mushe mai juye.

Da zafi ya fara sai masu jar wutsiya suka ɓace. Abokina ya ce sun tafi Turai yin ƙwai, sai sun ƙetare hamada da teku. Na ce to, amma a raina ban gaskata ba.

Da ɗari ya zagayo muka koma, sai Kawu ya tare mu da magana. Ya ce bana zai sare sarƙaƙiyar, ya ƙara fangalin albasa, don wurin kusa da ruwa ne kuma ya gaji da ciyar da ƙaya. Ya ba mu Lahadi biyu mu kwashe ragarmu. Abokina ya yi roƙo, ya yi bayani, har taswira ya shimfiɗa masa a ƙasa. Kawu ya ce, "Gonata ce ko ta tsuntsu?" Gaskiyarsa ce kuwa.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da Kawu. Babban ɗansa ya tafi ci-rani Abijan, kamar yadda samarin yankinmu na Adar suka saba. Shekara biyu yana aike yana waya, daga nan shiru. An tambayi masu dawowa, kowa ya ce bai gan shi ba. Kawu ya daina ambaton sunansa. Ɗakin ɗan nasa na ƙofar gida damina ta cinye masa gefe, aka bar shi haka, awaki suna kwana a ciki.

Lahadin ƙarshe muka tarar da gatari jingine a jikin magarya, an wasa shi yana ƙyalli. Muka kafa raga. Rana ta ɗan ɗago, na je zagaye, na ga wani mai jar wutsiya ya faɗa. Ina warware shi sai na ji ƙarfe a ƙafarsa. Na duba. Lambobin a juye suke.

Na ƙwala wa abokina kira da muryar da ban san ina da ita ba. Ya zo da gudu, ya buɗe kaye, littafin da muke rubuta lambobin, ya bi layi da yatsa har ya kai ga rubutuna na bara. Lambar nan ce dai, ba bambanci. Babu taku goma tsakanin inda ya faɗa bara da inda ya faɗa yau.

Kawu ya taho yana cewa, "Lahiya? Maciji ne?" Na miƙa masa ƙafar tsuntsun. Bai iya karatun boko ba, amma ya gane aikina. Ya ce, "Kai! Wanga ba shi ne na Mushe mai juye ba?"

"Shi ne, Kawu."

"Ina ya tahi?"

Abokina ya sake faɗa masa: hamada, teku, ƙasashen Turawa, sannan ya juyo ta wannan hanyar. Kawu ya ce, "Wanga da bai kai lomar tuwo ba? Wa ya gwada mishi hanya?" Abokina ya ce, "Baba, mu ma abin da muke son sani ke nan." Kawu ya yi ta faɗin "Allahu Akbar" a hankali. Duk faɗin duniyar nan, abin nan ya wuce dazuzzuka da koguna, bai ga wurin sauka ba sai ƙayar bayan garkar kawuna.

Kawu ya ce a ba shi. Na gwada masa yadda ake riƙewa, wuyan tsakanin yatsu biyu. Ya daɗe yana kallonsa, hannun nan nasa mai kaushi ko motsi ba ya yi. Da ya buɗe tafinsa, tsuntsun ya yi fir, ya sauka kan magaryar da gatari ke jingine, yana karkaɗa wutsiya.

Kawu ya ce, "Da ya iske an sare, ina za shi?"

Ya ɗauki gatarinsa ya saɓa a kafaɗa, ya yi hanyar gida. Da la'asar muka biya yi masa sallama, muka same shi ya kori awaki daga ɗakin ƙofar gida, ya naɗe wando yana kwaɓa ƙasa.

Shekara biyu a jere tsuntsun yana dawowa da ɗari, a ta uku bai zo ba. Abokina ya ce irinsu ba su da tsawon rai. Na zaci Kawu zai ce to yanzu a sare sarƙaƙiyar. Sai ya ce, "A bar ta nan. Ba a san wa ke bisa hanya ba."

Na koyar da yara taswirar duniya shekara da shekaru, amma ban san girmanta ba sai ranar da na riƙe ta a hannu tana bugun zuciya. Har yau in na tuna sai na ji na ƙanƙance. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa bai dawo ba tukuna. Sarƙaƙiyar tana nan. Ɗakin kuma, duk bayan damina, ni nake zuwa in yaɓe shi.