Ƙamshin Akwatin Malam Yohanna

Shekara ashirin da shida ina aikin kafinta a Muchia, amma ban manta da Talatar da Mama Rifkatu ta sauko daga Keke Napep da katako uku a hammata ba. Tsohuwar malamar firamare ce daga Samaru, mijinta Malam Yohanna bai shekara da rasuwa ba.

Katakon ragowar akwatin tufafinsa ne, wanda wani Baturen da ya yi wa aiki ya bar masa. Yoyon ɗaki ya cinye sauran. Ta ce in yi mata ɗan akwati da za ta ajiye tabaransa da Littafi Mai Tsarkinsa.

Da na sa zarto sai wani ƙamshi ya cika shagon. Katakon ja ne, marar nauyi, ban taɓa taɓa irinsa ba.

Ta ce, "Itacen al'ul ke nan, ɗana. Mu a Littafi muka san sunansa."

Na ce, "To, Mama," hankalina na kan awo.

Ku da kuke sana'ar kun san ƙa'ida: a yanka, a haɗa da gam, a goge da samfefa, sannan a shafa folish. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, aikina sai ka ga fuskarka a jiki. Na shafa har sau uku, ciki da waje.

Ranar Asabar ta zo karɓa. Ta buɗe murfin, ta kai hancinta, ta daɗe a haka.

"Ya yi kyau, ɗana. Amma ina ƙamshin?"

Folish ya toshe shi. Na fara yi mata bayanin yadda yake kare katako daga gara da danshi. Ta bari na gama, irin na malamai, sannan ta ce, "Shekara arba'in duk rigar da ya sa ƙamshin nan take yi. Shi na kawo maka."

Kunya ta rufe ni, kamar ƙasa ta tsage in shige. Babu sauran katako, bangon akwatin kuma bai kai kaurin yatsa ba. In na kankare da ƙarfi ya huje, na raba ta da abin da ya rage mata.

Kwana biyu na yi ina goge cikin da hannu, a hankali, ina tsayawa ina sunsunawa. Maƙwabcina tela har ya ce ko na koma sayar da turare. Da yammacin rana ta biyu ƙamshin ya dawo.

Ni da kaina na kai mata Samaru. Ta buɗe, ta shaƙa, ta zauna bakin kujera ta rufe ido.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Har na buɗe baki zan amsa, sai na gane ba da ni take ba.

Tun ranar, duk wanda ya kawo mini tsohon katako, sai na ba shi kujera na tambaye shi na waye kafin in ɗauki zarto. Ku ma ku riƙa tambaya.