Tsuntsun da Baffa Ya Farke wa Ciki

Ni dai tun ina yaro Allah bai hore mini dubawa kafin duka ba. Aji uku na yi a firamare, duk a bencin baya, to kada ku yi mamaki.

Wata damina Baffana, ƙanin mahaifina, ya sa ni gadin shinkafarsa a fadamarmu ta Janfalan, saboda jan-baki, tsuntsayen nan masu sauka garke guda su share gona. Ya ba ni danƙo. Jan-baki sun fi ni wayo, ko ɗaya ban taɓa samu ba. Wunina shan raken maƙwabcinmu ne a ɓoye.

Amma akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu daban da ba ya gudu. Bayansa zane-zane baƙi, kansa da fiffikensa ja-ja, cikinsa fari, bakinsa siriri kamar ƙaya. Kan tsinin ciyawa yake ɗarewa, ya ɗaga wutsiya ya ja kuka, tirrrr. Sheƙarsa na ƙasa-ƙasa dab da ruwa, ya ɗaure ta da yanar gizo. Na ce yau na kama ɓarawo.

Dutse ɗaya na fasa masa kai. Matarsa ta yi ta kewaya ni tana ihu, na kakkaɓo ta, na murɗe wuyan. Na tattake sheƙar, 'ya'ya uku suka fashe a tafin ƙafata. Na kai wa Baffa gawa biyu ina washe haƙora.

Ya karɓe su. Ya zaro wuƙa ya farke cikin ɗaya a kan dutse, ya danna ƙeyata har hancina ya taɓa jinin.

"Ja'iri, nemo mini shinkafa a nan."

Babu ko ƙwaya. Tsutsa ce da 'yan fari, masu cin gonar. Ma'aikacinsa na kashe masa. Ya fizgo guntun raken da na soke a wando, da shi ya yi ta jibgata har ya tsage, bakina na jini.

Yanzu feshin maganin ƙwari ake yi a fadamar, sai in wuni ban ji tirrrr ba. Baffa ya daɗe da rasuwa. Dukan na manta. Abin da ya ƙi barina shi ne maganar da ya yi yana goge wuƙar a ciyawa:

"Shi dai mun ga abin da ya ci. Kai in an farke naka cikin, me za a tarar?"