Ganuwar Talge

Ni magini ne, ɗan magini, kuma a shekarun farin nan babu sana'ar da ta yi mutuwar wulaƙanci a Damagaram kamar tamu. Gini ruwa yake sha. A garin da mata ke wuni a bakin famfo su dawo da rabin tulu, wa zai ba ka ruwa ka kwaɓa ƙasa? Na jingine kayan aikina a zaure har gizo-gizo ya yi musu riga.

Muna zaune cikin Birni, ni da matata da ƴarmu guda ɗaya, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba. Biyun da suka riga ta zuwa duniya Allah ya karɓi abinsa. Hatsin da dangi kan aiko mana daga Zermu ya yanke, aka ce su ma gidan tururuwa suke tonawa. Muka koma dusa da hanza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci. Gashin yarinyar ya yi ja, cikinta ya fito, sannan ta daina kuka, kuma wannan shirun shi ya fi komai tsorata ni.

Ƙanin matata kuku ne a gidan wani Nasara mai koyarwa a lise, wato makarantar sakandare. Abokin wasana ne, bakinsa ba linzami. Wata rana ya faɗo gidan yana murmushi.

"Yaya, na samo maka gini."

"A ina?"

"Birni gaba ɗaya za ka gina, da ganuwa da ƙofofi."

"Kai da ke lasar tukunyar Nasara, kai ma yunwa ta taɓa maka kai?"

Ya ce in dai bi shi in gani. A falon Nasaran na tarar da faffaɗan tebur cike da sojojin dalma, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, wasu a kan dawakai. Wai shi da abokansa suke jera su ran Lahadi, su yi ta yaƙi da ƴaƴan caca da ma'auni. Raina ya ɓaci. Ƙato da gemu yana wasan yara, ga mutane a ƙofar gidansa suna jiran a zubar da shara! Amma ba mugu ba ne, gaskiya ɗaya ce. Ya ba ni ruwan sanyi, na shanye har ƙasan kofi, kunya ta kama ni.

Abin da yake so shi ne ɗan ƙaramin Birni irin na da, na zamanin yaƙe-yaƙe, wanda zai zauna a kan teburin. Ladan kuwa buhun dawa, in dai na gama kafin a rufe lakwal, wato makaranta, ya tafi ƙasarsu hutu. Da na ji buhun dawa, nan take na amince. Sai ya ƙara da cewa in bar masa giɓi a jikin ganuwar, inda igwa ta fasa, don sojojinsa su sami hanyar shiga.

"Faɗa wa maigidanka ban gaji gina ɓaraka ba," na ce da kuku. "Ubana ko tsaga ya gani a bangonsa ba ya iya cin tuwo."

Ban san yadda ya juya maganar ba, na dai ga Nasaran ya yi dariya ya ɗaga kafaɗa. A hanya kuku ya ce mini girman kai rawanin tsiya. Na ce ya ji da albasarsa.

Na fara yadda na iya. Da ruwan da aka yi wanka da shi na kwaɓa ƙasa, na murza tubala ƙanana kamar ƙwallon dabino, na jera su sahu-sahu. Da suka bushe sai bangon ya tsattsage, na ɗaga shi ya zube a hannuna. Kwanaki suka tafi a banza, ga lokaci yana ƙurewa.

Sai na koma bola. Na tsinto kwalayen sukari da takardar buhun siminti, na zare karan dawa daga dangar bayan gida. Babu allon da zan ɗora ginin a kai, don haka na cire ƙyauren ɗakina na shimfiɗa shi a ƙasa. Na yanka kwali na tsayar da bango, na tokare shi da kara. Saura abin liƙi. Ƙaro ya yi tsada, don mutane sun mai da shi abinci, kuma ni abu ɗaya na sani da zai riƙe takarda, wato talge.

Akwai ɗan garin rogo da ƴar'uwar matata ta aiko daga ƙauyen Dogo. A cikin ƙwarya yake, a rataye, yarinyar kaɗai ake dama wa. Na daɗe ina kewaya maganar kafin na fito da ita.

"Malam, ka san abin da kake tambaya?" in ji matata.

"Na sani. Ƙwarya ce za ta jawo buhu."

"In kuma Nasaran ya ce bai yi masa ba?"

Ta sauko da ƙwaryar ta dire a gabana, ta fita ba ta dube ni ba.

Na dama talge mai kauri. Ina tsoma takarda a ciki ina shafa wa kwalin, kamar yadda ake yaɓe, tun da ɗanyensa in barbaɗa jar ƙasar da na tankaɗe da rariya. Da ya bushe, wallahi sai ka rantse bangon Birni ne. Duwatsun garinmu na yi su da tsakuwa, itatuwan dabino da igiyar kaba da na warware, rijiya da murfin kwalba. Igwa kuwa guntun ƙarfen laima ne. Har zankwaye na fitar a kan soraye da tsinke. Ba zan ɓoye ba, hannuna ya yi marmarin aiki, na ji daɗin ginin nan. Ina ɗaga kai sai in ga yarinyar zaune a bakin ƙofa, idonta a kan tukunyar talge. In na gama na kan miƙa mata ta suɗe, in juya mata baya don kada in gani.

Na gama ana jibi Nasaran zai tashi, ƙwaryar kuma ta ƙare ƙaƙaf. Da safiyar aka fita roƙon ruwa bayan gari. Muka juya rigunanmu, muka yi salla, dattawa suna kuka a fili, sama kuwa fes. Matata ta tafi layin famfo, ta bar yarinyar tana barci.

Da na dawo ban same ta a kan tabarma ba. Ɗakina ba ƙyaure, ni na cire shi da hannuna. Tana durƙushe a gefen gabas na Birnin, ta kafa baki a jikin ganuwa kusa da ƙofa. Ta cinye wuri kamar faɗin tafin hannuna, da takardar da ƙasar, har kwalin ta tauna. Bakinta ya yi jawur. Ta ɗago ta dube ni, ba tsoro a fuskarta.

"Baba, katangar nan tuwo ce."

Na sa yatsa in zaro takardar da ke bakinta, ta cije ni. Na zauna daɓas a ƙasa na rungume ta, na yi kukan da ban yi ba ranar da na binne ubana. Ba garin da zan gyara ɓarnar, ba kuma lokaci. Na tabbata buhun ya tafi, ƙwaryar ma ta tafi.

Duk da haka ni da kuku muka ɗauki ƙyauren a ka, na rufe gefen gabas da tsumma. Da muka sauke a kan teburin, Nasaran ya yi ta zagayawa yana taɓa zankwaye. Sai ya ɗaga tsumman. Na sunkuyar da kai ina jiran a kore mu, sai na ji ya tafa hannu.

"Wai ashe ka ji maganarsa," in ji kuku. "Wai bai taɓa ganin giɓi mai kyau kamar wannan ba. Yana tambaya da wane ƙarfe ka yi."

Kuku ya sunkuya don shi ma ya gani. A gefen kwalin ga sawun haƙora nan ƙanana a jere. Ya miƙe a hankali, ya juyo ya dube ni.

"Ce masa sirrin sana'a ne," na ce.

Nasaran ya ce in yi masa wani giɓin a gefen yamma, zai ƙara mini da gwangwanin madara. Na karɓi awartaki a wurin kuku na tsuguna, ni da na ce ban gaji gina ɓaraka ba, na yi ta yagar bangon da na gina. Nasaran ya duba wannan, ya duba wancan, ya yi wata magana. Kuku ya ƙi juyawa sai da na matsa masa.

"Wai naka na biyu ba laifi, Yaya. Amma na farkon ya fi, don an ga alamar wanda ya fasa shi da gaske yake son shiga."

Nasaran ya cika alkawari, da buhun da madarar. Na ɗauko a ka ina sassarfa har Birni. Na tarar cikin yarinyar ya ɓaci, tana ta fitar da takarda, kuma ta daɗe a haka kafin Allah ya tashi kafaɗunta. Yau tana da jikoki, ba ta tuna komai.

A ranar dai matata ta daka dawar nan, ta dama kunu ta zuba madara. Na tallafo kan yarinyar na kafa mata ludayi. Ta kurɓa kaɗan, ta leƙa ta ƙofar ɗakin da ba ƙyaure, ta ga wurin wayam, ta tambaye ni ina na kai mata sauran katangarta.