Ranar da Na Karanta wa Kawu Labarin Dutsen Ƙanƙara

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ba na jin zan manta ranar da na kai wa kawuna labarin wani littafi. Ni fa Turancina na tsince-tsince ne, a waya da tsofaffin littattafai na koya, shi ya sa in na karanta abu sai in ji kamar zan fashe in ban ba wani ba. Wannan a kasuwar Birnin Kudu na same shi, bangon ma ya yage. Wani mutum ne ya rubuta yadda suka hau wani dogon dutse mai ƙanƙara, guguwa ta rutsa da su, abokansa suka mutu, shi ya sauko da rai.

Da littafin a aljihu na tafi Maruta taya Kawu girbin dawa. Muna hutawa a gindin ɗorawa na fara zuba, har da kwatance da hannu. Na ce masa wai gawarwakin na can har yau, sanyi ya hana su lalacewa, masu hawa suna wuce su. Kawu ya ajiye ƙwaryar fura. Ya tambaya ko an yi musu wanka, na ce a'a. Sutura fa? Babu.

Kowa a danginmu ya san shekarar da ruwa ya ci ƙaninsa suna ƙetare rafi tare, aka yi ta nema ba a ga gawa ba. Ba jana'iza, ba kabarin da za a ziyarta. Amma Kawu bai taɓa ɗauko zancen ba.

"Ɗan nan," ya ce, "shi wanda ya tsiran, daga baya ya samu sauƙi?"

Lokacin ban kai ƙarshen littafin ba. Na buɗe littafin, ina ce masa ai dole, marubuta ba sa barin mutum haka. Na shiga karantawa ina fassara masa. Mutumin ya ce ya koma gida, ya koma aikinsa, amma kullum sai ya ga fuskokinsu. Na juya shafi, babu saura.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

"To. Ashe har a can ma haka ne."

Ya ɗauki magirbinsa ya shige cikin dawa.

Da, na ɗauka wanda ya tsira ya rabu da masifa. Ranar na gane wani a nan wahalarsa take farawa, kuma ba littafin da ke da maganinta.